Ranar da Na Ci Baba Manu

Ba na jin zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na ci Baba Manu a wasan ces, wato darar Turawa mai sarki da sojoji, kuma wallahi da ma ban ci ba. Tsohon malamin lissafi ne a Yelwa, shi ya koya mini wasan a rumfarsa ta bakin ruwa. Shekara shida yana lallasa ni (canjaras ɗaya muka taɓa yi, shi ma ruwan sama ne ya tashe mu).

Rannan wasa ya zo ƙarshe, kowa saura sarki da soja biyu, sai aka kira la'asar. A al'adarmu barin allon ake yi yadda yake, ba mai gadi. Na ce zan zaga. Can bayan katanga na jera wasan a manhajar wayata, wadda in 'ya'yan wasa sun ragu take faɗa maka takun da zai kai ka ga nasara. Ta ce in ja sarkina baya. Na haddace taku huɗu, na yi alwala, na shiga sahu kamar mutumin kirki.

Da muka dawo na ja sarkin. Bayan taku na huɗu Baba ya daɗe yana kallon allo, sannan ya kwantar da sarkinsa, alamar ya miƙa wuya. Murna fa ya kama yi! Ya ƙwala wa masunta da ke gyaran taru kira: “Ku taho ku gani, ɗana ya wuce ni!”

Suka kewaye mu. Ya mayar da 'ya'yan wasan inda suke kafin salla.

“To, koya mini. Don mi ka ja shi baya?”

Na ce, “Wato... dabara ce, Baba.”

“Wacce?”

Ya dubi fuskata, ya dubi aljihuna inda wayar take. Bai tona ni ba, ya dai tattara kayansa a hankali ya ce, “Mako mai zuwa ka aiko ta ita kaɗai, ka huta.”

Na ba shi haƙuri, ya ce ya yafe. Har yau muna bugawa, yana lallasa ni, na kuma daina neman amsar da ba zan iya bayaninta ba. Sai dai tun ranar, duk aka kira salla, Baba Manu yakan kwashe wasan daga allo ya zuba a jaka.