Tsarabar Inabin da Na Kai Adabka

Ba zan taɓa mantawa da yawon sati guda da muka yi a ƙasar Jos ba, kuma ko na so in manta, mutanen Adabka ba za su bar ni ba. Lokacin ina sabon malami a wata sakandare a Gummi, ga biro uku a aljihun gaba, ina tafiya kamar da ni aka yi shawarar kafa ilimin boko. Shekarun nan ne da aka fara shari'a a jiharmu. Kowa yana taka-tsantsan, ko baƙuwar kwalba aka gani a hannunka sai an ƙara duban ka.

A lokacin ina neman auren Kulu, 'yar wani limami a Adabka. Ita ta amince, innarta ma ta amince, amma Malam, wato mahaifinta, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Duk sanda baffana ya taso daga Anka ya je masa da maganar, sai ya ce a ƙara haƙuri, yana nan yana duba halin yaron. Wai an gaya masa 'yan boko in suka fita gari, abin da suke aikatawa Allah kaɗai ya sani. Ni kuwa hankalina a tashe yake, domin akwai wani mai sayen hatsi da shi ma yake zagaya gidan, kuma shi yana da mota. Ina son Kulu ƙwarai, ina kuma tsoron a wayi gari a ce an ba wani.

Ana cikin haka aka yi hutu, sai Malam Bitrus, abokin aikinmu mai koyar da aikin gona, ya gayyace mu garinsu. Mutumin Filato ne, ya daɗe yana cika mana baki da ƙasarsu. Ya ce za mu fara da birni, mu wuce ƙauyensu na lambuna, mu ƙare da hawan duwatsu. Muka haɗa kai mu 'yan kaɗan, muka ɗauki shatar wata tsohuwar bas, muka kama hanya.

A Jos na yi iya ƙoƙarina kada a gane ni baƙauye ne. Aka kai mu gidan tarihi, aka kai mu gidan namun daji, aka shiga da mu kasuwa mai hawa-hawa, duk abin da aka nuna mana sai in gyaɗa kai in ce ai na karanta shi a littafi (ban karanta ba). Zaki ya yi gurnani sau ɗaya, aka tsince ni a bayan mai sayar da gyaɗa, na ce takalmina nake gyarawa. Abin da na kasa ɓoyewa shi ne sanyi. Mutumin Gummi zafi ya sani, da shi aka haife shi. Ranar farko duk muka sayi barguna a gwanjo, nawa mai kauri ne da zanen damisa.

Daga nan muka wuce ƙauyen su Malam Bitrus. Ban taɓa ganin inabi a jikin uwarsa ba sai ranar. Ni a wa'azi kawai na san shi, in ana lissafa kayan marmarin Aljanna. Sai ga shi layi-layi a gefen tudu, an yi masa rumfuna kamar na duma, 'ya'yan suna reto cunkus. Mai lambun, wani kawun Malam Bitrus, ya zagaya da mu. Ya ce wani ana kai shi kasuwa, wani ana matsewa a sha nan take, wani kuma ana ajiye shi a ɗakin baya har ya zama abin da mu ba ma sha. Da muka gifta ta ƙofar ɗakin, wani wari ya bugo mu. Na toshe hanci, na yi a'uzubillahi da ƙarfi fiye da kowa, don in an koma gida a samu mai ba da labarin irin tsoron Allahna.

Sai aka kawo mana sabon matsi, wanda aka matse a gaban idonmu. Na kurɓa, na lumshe ido. Nan take dabara ta faɗo mini. Malam duk azumi yana fassara wa mutane inabi a wurin tafsiri, amma ina da yaƙinin bai taɓa shan ruwansa ba. Kowa ya je Jos dankali yake kawowa, mai hatsi ma zai iya kawo dankali buhu guda. Amma wa ya taɓa kai wa limami ruwan inabi a Adabka? Har na hango shi yana sha yana sa mini albarka, yana ce wa baffa a zo a sa rana.

Na faki idon jama'a na koma wurin masu matsa, na sa aka cika mini jarka. Don kada ya lalace kafin mu isa gida, na zuba masa sukari mai yawa, domin na san abin zaƙi irin zuma ba ya ruɓewa (kada ku tambaye ni inda na samo wannan ilimi). Na sa leda a bakin, na murɗa murfin har sai da hannuna ya yi ja. Sannan na naɗe jarkar cikin bargona mai damisa, na cusa ta ƙarƙashin kujerar baya ta bas ɗinmu. Dalilin ɓoyon kuwa rowa ce, ba wani abu ba. Akwai Malam Sani a cikinmu, mutumin da in ya ce bari ya ɗanɗana, sai dai ka karɓi kwano ka wanke. Da na nuna wa Malam Bitrus, da kalma ɗaya ta ishe shi ya cece ni, amma shi ma na ɓoye masa.

Muka hau duwatsun Shere. Gaskiya wurin nan ya shiga raina. Duwatsu ne kan duwatsu, kamar wani ya jera su da hannu, ga ciyawa shar, ga birai suna leƙen mu, babu gida babu gona iyakar ganinka. Da muka kai can sama da safe, gajimare yana ƙasa da mu. Ni da na tashi a fadama, inda tudu mafi tsayi shi ne jujin bayan gari, sai na ji ƙwalla ta cika mini ido. Sai dai rabin ƙwallar ta sanyi ce. Kowa yana ƙudundune cikin bargonsa, ni ina cikin 'yar shara, haƙorana suna haɗuwa. Aka tambaye ni ina bargona, na ce ni sanyin bai dame ni ba, jinina ne mai ƙarfi. Malam Sani ya sa mini suna Jarumi. Kafin mu sauko, Jarumi ya kwashi mura irin wadda ko an soya daddawa a gaban hancinsa ba zai ji ba.

A hanyar dawowa, muna wuce Gusau zafin gida ya karɓe mu. Da na sauke jarkata a Gummi na ga ta yi ciki, ta zama kamar akuyar da ta yi ɓarnar dawa. Wani zai tsaya ya yi tunani. Ni sai na tuna darasin kimiyya cewa zafi yana sa abu ya buɗe, na yaba wa kaina, na ƙara ɗaure murfin da robar taya. Na aika wa baffa cewa mu haɗu a gidan Malam ranar Juma'a, ina da abin da zai gama mana magana.

Ranar Juma'a na ɗaure jarkar a bayan babur, na nufi Adabka. Wanda ya san hanyar nan ya san ba hanya ba ce, gwajin ƙashin baya ce. Rami ya jefa ka ga ɗan'uwansa, rana tana dukan ka, jarka tana tsalle a baya tana wani irin tsaki. Na ɗauka robar ce take kuka.

Na tarar da zauren Malam cike. Dattawa sun taru ana jiran lokacin tafiya masallaci, baffana yana gefe, Malam yana kan buzunsa cikin farar riga da farin rawani, fari tas. Na tuɓe takalmi tun daga nesa, na durƙusa na kwashi gaisuwa. Maimakon in ajiye tsaraba in yi shiru kamar yadda ɗan mutunci yake yi a gaban surukai, sai na buɗe lacca. Na ba su labarin birni, na ba su na duwatsu, na kawo ga inabi, har da ɗan jan aya. Na ce abin da Malam yake gaya mana a tafsiri, yau ga shi Allah ya kawo har gida. Na roƙa a kawo kofuna. Na jawo jarkar gaban Malam sosai, don ya fara ganin kalarsa, na kwance robar, na murɗa murfin.

Ban gama murɗawa ba murfin ya ƙwace. Ƙarar kamar an harba bindigar toka. Murfin ya daki rufin zaure, wani jan kumfa ya biyo shi, ya tashi sama ya dawo kan jama'a. Kaji suka watse a tsakar gida. Da na ɗago kai, rigar Malam ta koma ja daga wuya har gwiwa, rawanin yana ɗiga, gemunsa yana ɗiga. Baffana ya rufe fuska da hularsa.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma ku tuna hancina a toshe yake, ban ji komai ba. A zatona ɓari ne kawai na yi. Sai na yi maza na tsiyaya ragowar a kofi, na miƙa wa Malam da hannu biyu, na ce, "Allah shi gafarta Malam, a yi haƙuri da rigar, amma a ɗan kurɓa. Ko ƙamshinai kaɗai ya isa."

Ina rufe baki tururin kofin ya daki fuskata, na yi atishawa, hancina ya buɗe. Warin ɗakin bayan nan ne, wanda na yi wa a'uzubillahi, babu ragi babu ƙari. Ga ni durƙushe a zauren limami, ranar Juma'a, a jihar da ake shari'a, ina miƙa masa giyar da na dafa da hannuna, har da sukari. Na kasa ajiye kofin, na kasa janye shi. A zuciyata na yi ban kwana da Kulu, na fara tunanin ko bayana zai iya ɗaukar bulala.

Kowa a zauren ya ji warin, na ga hancinsu yana motsi. Malam ya share gemunsa a hankali, ya dubi dattawan ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Jama'a, akwai wanda yas san warin ga?"

Nan fa ake yin ta. Duk wanda ya ce ya san shi, sai ya faɗi inda ya san shi. Wani dattijo da ya yi aikin soja a kudu ya buɗe baki, ya sake rufewa, ya kama kallon rufi kamar yana ƙirga azara. Wani da ya yi direban babbar mota ya ce shi ma kwanan nan mura yake fama da ita. Ladan ya duƙufa kan carbinsa. Babu wanda ya taɓa jin irin wannan wari a duk faɗin Adabka.

"To," in ji Malam, "tunda duk cikinmu babu wanda yas san shi, tsami na yay yi. A kai bayan gida a zubas." Ya miƙe zai shiga ciki ya sake kaya, sai ya waiwayo ya ce a fitar da tabarmin nan da buzun a wanke su da kyau, duk wanda abin ya taɓa kuma ya je ya canja riga kafin ya shiga masallaci. Tsami dai ba ya hana salla, kowa ya san haka, amma babu wanda ya yi gardama. Ranar rabin sahun gaba da rigunan aro suka yi Juma'a.

Ban san yadda na koma Gummi ba. Na kwanta a ɗaki na ce murar ce, alhali kunya ce da baƙin ciki. Garin neman ƙiba na samo rama. Ina cikin wannan hali sai ga baffa ya zo daga Anka, ya zauna bakin gadona, ya daɗe yana kallona yana girgiza kai. Ya ce ya koma ba Malam haƙuri, ya kuma gaya masa mun janye, don ba mu da idon da za mu sake duban sa. Sai Malam ya ce wa ya ce a janye?

Baffa ya gyara murya ya kwaikwayo shi: "Na daɗe ina binciken yaron ga, yanzu na gama. Da mashayi na, da ya san abin da ac cikin jarkar, kuma ba ya buɗe ta gaban liman ranar Juma'a. Wauta ta kurum. Ita ko wauta ba ta hana aure, da tana hanawa da rabin garin ga gwauraye na. Ku zaka a sa rana."

Haka na samu Kulu. Ni da na so a ba ni ita don wayo da ilimi da sanin duniya, sai aka ba ni bayan dattawa sun tabbatar, gaban shaidu, cewa ban san komai ba. Na yi murna har da hawaye, amma biron nan uku na rage su zuwa ɗaya.

Abin da na koya shi ne, in za ka gidan surukai, kai musu abin da ka san halinsa, ka ajiye, ka gaishe su, ka tashi. In kuwa har ka ga tsarabarka ta fara ƙiba a hanya kai kana ramewa, buɗe ta a bayan gari, kai kaɗai, kuma ka juya bakinta gabas ko yamma, ban da wajen liman.