Yaƙin Toka na Tungar Ƙirya

Ku kasa kunne, ya ku ma'abota hankali, ku ji tarihin Barau ɗan Jatau, jikan Maiƙarfi wanda ya haƙa rijiya bakwai bai faɗa ko ɗaya ba, tattaɓa-kunnen Ɗandada mai jakuna uku. Barau tsohon malamin firamare, Sarkin Toka, Garkuwan Ƙaiƙayi, dodon ƙudaje, wanda da ya yi ritaya ya juya wa birni baya, ya kafa gida a tsakiyar gonarsa ta Tungar Ƙirya, inda babu famfo, babu lantarki, sai rijiya guda mai rowa.

A can ya gina abin alfaharinsa, masai mai rami biyu wanda ba ya shan ruwa. Shari'arsa a bayyane take: wanda ya biya bukata ya zuba toka ludayi guda ya rufe, tsarki kuwa ya matsa kan dakalin gefe, inda ruwa ke bin kwata ya tafi gindin ayaba. In rami ya cika a toshe shi shekara, abin ciki ya rikiɗe ya zama baƙin taki. Uwargida Tasalla, wadda ta bar gida mai famfo ta biyo shi, sharaɗi ɗaya ta gindaya: "Malam, ranar da na ji wari, ranar zan hau mota." Barau kuwa ya fi son ya rasa haƙoransa da ya rasa Tasalla ko gonar. Ya yi alkawari a gaban shaidu, wato kaji biyu.

Wata takwas daula na zaune lafiya. Sai ran wata Asabar annoba ta sauka cikin mota biyu: dangi daga birni, su goma sha huɗu, sun zo ganin gida, kowa da butarsa. Barau ya tara su ya yi huɗuba mai ratsa zuciya a kan toka da dakali, suka ce sun ji, suka ci tuwo da miyar kuka har da ƙari, sannan suka shiga masai ɗaya bayan ɗaya suka yi tsarki a kan rami yadda suka saba tun suna yara.

Da hantsin Lahadi, baƙi sun tafi, Tasalla ta tafi unguwa sai la'asar, sadauki ya ɗaga murfi. Subhanallahi! Ramin da ya yi wa raino kamar ɗan fari ya zama tafki, wari ya fito da rundunarsa ya mare shi hagu da dama, ƙudaje suka taso sahu-sahu suna buga tambura. Da wani ne da ya faɗi. Barau ya naɗe hanci da rawani, ya ɗaure wando a gwiwa, ya zari gora mai kamu bakwai, ya yi kururuwa: "Toka! A kawo toka!" Ba kowa a gidan, don haka shi ya je ya kawo.

Ya yashe murhun gidansa, bai isa ba. Ya kai hari murhunan maƙwabta, ya ci shida da yaƙi, na bakwai tsohuwa Gwamma ta fatattake shi da muciya, don tokar miyarta ce. Ya washe ƙaiƙayin masussuka buhu uku, ya kinkimo a ka, akuya na bin sa tana cin ganima ta baya. Ya zuba, ya motsa, ya ja da baya ya shaƙi iska, ya sake afkawa yana kiran sunan kakanninsa, har takalminsa na hagu ya yi shahada a fagen fama, ba a samu gawarsa ba. Kafin la'asar maƙiya sun watse, rami ya bushe, ƙuda na ƙarshe ya yi hijira.

Tasalla ta dawo, ta ratsa tsakar gida, ta shaƙa, ta wuce abinta ba ta nemi mota ba. Daɗi ya kama Barau har ya taka rawa da takalmi ɗaya. Kuma da yake wahala ta motsa masa ciki, ya ɗauki butarsa ya shiga ya buɗe daular da kansa, yana tsara yadda jikoki za su ba da labari. Yana cikin wannan tunani hannunsa, wanda ya shekara sittin yana abu ɗaya, ya karkata buta a kan ramin. Shaaa!

Ya daskare. Daga bayan katanga aka yi gyaran murya.

"Malam, ga toka nan a bakin ƙofa," in ji Tasalla. "Wata takwas ke nan kullum ina bin bayanka da ita. Yau dai zuba da kanka, ina tankaɗe."