Yadda Za Ka Burge Suruki da Wayar Eriya

Kai mai neman aure, ajiye goron nan ka saurare ni. Bi matakan nan tiryan-tiryan, na yi maka alkawari gidan surukanka ba za su taɓa mantawa da kai ba. Shaidata Tasi'u ne na Sabon Gari a nan Wudil, wanda ya nemi Sakina, 'yar Malam Ɗayyabu na Darki.

1. Tallata kanka

Jira ranar da rediyon suruki za ta fara shuuu. Shi Malam Ɗayyabu an yi hira da shi kan noman shinkafa, za a sa ranar Lahadi da hantsi, ga tashar ba ta kamawa sosai a zaurensa. Tasi'u, wanda ko ƙwan lantarki bai taɓa canjawa ba, ya durƙusa ya ce, "Baba, ai wannan aikinmu ne. Eriya za a ɗaga, a jawo waya."

2. Zaɓen waya

Shiga kasuwa ranar Juma'a. Wayar eriya ita ce baƙar nan mai kauri: zaren tagulla a tsakiya, farar roba, sai raga ta lulluɓe su. Mai shago zai nuna maka mai kyau, ragarta cike kamar saƙar tabarma. Kau da kai. Nemi wadda ragarta ba ta kai gashin kan kakanka yawa ba, wadda maganaɗisu ke kama zarenta don ƙarfe ne aka shafa wa ja. Masana sun ce labari ya fi gudu a waya mara nauyi. Ni ne masanan.

3. Tsawo shi ne mutunci

Waya in ta yi tsawo murya takan gaji a hanya, amma suruki tsawon yake gani. Tasi'u ya ɗaure eriya a kan darbejiyar bayan gida, ya ratso da wayar ta tsakar gida, daidai kafaɗar mutum. Da ta gaza kaiwa zaure, ya murɗa mata wani guntu, ya naɗe mahaɗar da ledar burodi. Rediyo kuwa ta kama tangaran! Malam ya yi ta sa albarka, Tasi'u ya tafi gida yana lissafin akwatunan lefe.

4. Kada ka yi wa matan gida bayani

Injiniya ba ya surutu. Uwa, mahaifiyar Sakina, ta fito ta taɓa wayar, ta ja ta ji ƙwari, ta ce, "Kai, yaron nan akwai hankali! Tun yaushe nake fama da Malam ya sayo mini igiyar shanya."

5. In ta ɓaci, dubi sama

Ranar Lahadi zaure ya cika da dattawan unguwa, Tasi'u na zaune kusa da rediyo ya sha guga. "Masu sauraro, yau muna tare da Malam Ɗay…" Shuuu! Daidai lokacin Uwa ta maka jiƙaƙƙen bargo a kan ledar burodin nan.

A nan sai ka ɗora wa hadari laifi. Tasi'u ya leƙa waje, sama fes.

"Tasi'u, ina muryata?" in ji Malam.

Kafin Tasi'u ya buɗe baki, Mudassir mai shagon caji, wanda shi ma yake zuwa zance gidan, ya zaro wayarsa ta salula ya ce, "Baba, ga tashar nan, yanzu kuka fara." Malam ya saurari kansa har ƙarshe, hannunsa a kafaɗar Mudassir. Zuciyar Tasi'u ta yi baƙi ƙirin, amma da shi aka tafa.

6. Halarci ɗaurin auren

Je da wuri, ka taya jera kujeru.

Gargaɗi: duk wanda ya rasa mata ko mutunci ta wannan hanya, babu ruwana, kada a biyo ni gida. Alkawarina ɗaya ne, kuma ya cika. Sakina na da 'ya'ya biyu a gidan Mudassir, amma har yau duk ranar wanki sai Uwa ta shafa wayar nan ta ce, "Allah ya yi wa Tasi'u albarka, igiyarsa ba ta taɓa tsinkewa ba."