Ni da Surukina a Hanyar Madina

Ba zan taɓa mantawa da hanyar Madina ba, ko da tsufa ya kai ni inda zan manta sunayen jikokina. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Abin haushin kuma, na duba gabas na duba yamma, ban sami wanda zan ɗora wa laifin ba sai ni.

A shekarar da masara ta gagari talaka ne, lokacin da shiga motar Ɗambatta zuwa Kano ya koma sai mai hali. Mijin 'yata ta fari, wanda ke aikin asibiti a Makka, ya aiko aka kai ni Umra. Ni kuwa a ƙauyenmu ba ƙaramar mace ba ce. Ni ake kira rabon faɗa, ni ke wankan jarirai, ni ke koya wa 'yan mata kunya. Tun da aka ɗaura auren nan, yaron bai taɓa ganin na kai loma baki ba, ban kuma taɓa yi masa magana kai tsaye ba. Ita ma yarinyar, da yake 'yar fari ce, ko sunanta ba na kamawa. (Ku 'yan zamani ku yi ta dariya, mu haka muka tashi.)

Da aka gama Umra, sai maganar ziyarar Madina ta taso. Ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa, kansa a ƙasa, ya ce da matarsa: "A tambayi Inna, jirgin ƙasa take so ko mota? Jirgin nan da sauri yake, kafin ta gaji an isa. Mota kuwa za a jima."

Na dubi bango na ce: "A gaya masa na shiga jirgin ƙasa tun ba a haife shi ba. Na Nguru. A daji muka kwana, kuɗin cizo suka yi biki a jikina. Ni mota zan shiga."

"Inna, wannan fa ba irin wancan ba ne," in ji yarinyar.

"Ƙarfe ƙarfe ne. Na gama magana."

Gaskiyar da ban faɗa musu ba ita ce Tabawa. Maƙwabciyata ce, ta riga ni zuwa, kuma shekara da shekaru tana cika mana kunne da raƙuma da baƙaƙen duwatsun hanyar Madina. Ni in koma gida a tambaye ni me na gani, in ce ban ga komai ba, jirgi ya fizge ni? Allah ya kiyaye.

Ni na tsara tafiyar da kaina, kamar mai zuwa cin kasuwa. Na sa aka dama kunun tsamiya cike da fulas. Sannan na tuna malamai sun ce a sha zamzam har a ƙoshi, na zauna na yi ta ɗirka kamar wadda za ta kai wa mutanen ƙauye a cikinta. Na bi da kunu kofi biyu. Muka shiga mota, shi ke tuƙi, matarsa a gefensa, ni a baya na harɗe kamar matar hakimi.

Ba mu yi nisa ba zamzam ya fara neman hanya.

To ku gaya min, da wane bakin zan faɗa? A motar Ɗambatta sai ki buga ƙarfe ki ce, "Kai direba, tsaya!" ki faɗa gonar dawa, babu wanda ya san ki. Nan kuwa direban surukina ne. Na yi tari. Na sake yin tari. Yarinyar ta miƙo min ruwa. Ruwa, jama'a!

Can sai ga wurin hutawa, da masallaci da shaguna, motoci a jere. Ya rage gudu ya ce: "A tambayi Inna ko za a tsaya."

Da na ce e, da yanzu ba ni da labari. Amma sai na ga kamar in na amsa, ya gane abin da ke damuna. Na ji bakina da kansa yana cewa: "A tsaya a yi me? Wasa muka fito?" Ina kallo wurin ya wuce ta taga, kamar in yi kuka.

Daga nan haushin kowa ya kama ni. Haushin yarinyar da ta zauna tana gyangyaɗi, haushinsa da ya bi maganata kamar ba shi da tasa, haushin Tabawa da raƙumanta. Na ƙulla dabara na ce: "Raƙuman can kuwa, da mutum ya sauka ya gan su." Sai ɗan albarkan nan ya sassauta gudu, ya zuge min gilashi, wai rana ta yi zafi, in kalla daga zaune. Na ce ina son yin nafila. Ya ce a gaya wa Inna akwai masallaci a gaba kaɗan. Gaba kaɗan ɗinsu na can, ko Minjibir ka nufa daga Tofa ka riga su isa.

Motar ta taka wani ɗan tudu. A nan kunya ta ƙare. Na dafa kujerarsa na kwarma ihu: "Kai Malam, tsaya! Fitsari!"

Maganata ta farko da shi ke nan a duniya.

Ya taka birki har kaina ya bugi kujera. Na fito da gudu, sai me? Fili fetal. Babu kara, babu sabara, ko tsiron da ƙadangare zai laɓe babu. Yarinyar ta biyo ni ta ware mayafinta ta kare ni, iska na kaɗa shi kamar tuta. Shi kuwa, don ya nuna bai san abin da ake ciki ba, sai ya ɗaga murfin inji ya cusa kansa ciki, wai yana duba mota.

Ashe mutanen ƙasar nan akwai taimako. Wani mai babbar mota ya hango murfi a ɗage, ya tsaya. Wani Balarabe da iyalinsa ma suka tsaya. Suna ta tambayarsa me ya lalace, shi yana ta inda-inda da Larabci. Ban ji ko kalma ba sai "Hajiya". Ina tsugune na leƙa ta ƙarƙashin mayafi, na ga kawuna sun juyo gaba ɗaya, sannan sun kau da sauri.

Yarinyar, kafaɗunta na rawa don dariya, ta raɗa min: "Inna, jirgin fa da banɗaki a cikinsa."

"Don me ba ki faɗa ba, ja'ira?"

"A gabansa zan ce miki banɗaki?"

Gaskiyarta. Ni na koya mata.

Haka muka koma mota muka ƙarasa Madina. Ranar komawa ba a tambayi Inna komai ba, a tashar jirgi kawai na tsinci kaina. Yanzu in 'yan mata suka zo ina yi musu faɗa a kan kunya, nakan ƙara musu da wanda uwata ba ta gaya min ba: a ji kunyar suruki, amma in ya ce ko za a tsaya, a tsaya. Mafitsara ba ta san suruki ba.