Jarkar Dakta Saura Ƙiris

Duk wanda ya zauna a Setapak wajajen 2016 bai san Injiniya Alkasim Badamasi ba, gaskiya zaman banza ya yi. Mutum ne da Allah Ya yi wa baiwar hango haɗari tun haɗarin bai san zai faru ba. Gwamnati ce ta turo shi Kuala Lumpur ya yi digiri na uku a kan kiyaye haɗurra a masana'antu, kuma tun da ya sauka babu Bahaushen da ya sake shan shayi a wajen mamak, wato masu shayin garin, cikin kwanciyar hankali. Kafin ka kai kofi baki ya gaya maka ƙafar kujerarka ta lanƙwashe, fankar da ke samanka kuma ƙusa ɗaya ce ke riƙe da ita.

In ka tambaye shi yaushe za a kammala digirin, sai ya gyara hula ya ce, "Saura ƙiris." Haka ya gaya wa waɗanda ya tarar, haka ya gaya wa waɗanda suka zo bayansa suka gama suka koma gida. Shi ya sa a bayan idonsa sunansa Dakta Saura Ƙiris. A gabansa kuwa Ciyaman ne, don shi ne shugaban ƙungiyar ɗaliban Arewa na yankin, kuma kujerar nan ya fi ƙaunarta da abincin rana. Ba za ka ga laifinsa ba. A jami'a kowane babi ya kai, jajur yake dawowa da jan biro. A ƙungiya ce kaɗai yake buɗe baki a yi tsit, kuma in aka karɓe wannan, shi da kansa ya san ba abin da ya rage masa a garin sai hula.

Abu ɗaya ke ci masa rai da Malesiya: ba a ɗauke wuta. A Kano, unguwa guda ce ke sallama a ƙofarsa in janareta ya yi gardama. Nan kuwa shekaru sun shuɗe ko tarin janareta bai ji ba. Ƙasa ce mara tausayin mai ilimi.

To, sai zaɓen ƙungiya ya zo daidai da walimar Ƙaramar Sallah, kuma wani Zulkiflu, ɗalibin akanta mai sanyin magana, ya ce shi ma yana son kujerar. Injiniya ya yi nazari mai zurfi, ya yanke cewa bana ba a zauren haya za a yi ba. Za a yi ne a bakin wani rafi can bayan Gombak, inda babu soket ko na rantsuwa. Wurin da babu wuta dole a kai janareta. Janareta zai ba lasifika wuta, lasifika za ta ɗauki jawabinsa, da ya sauke jawabi kuma a ɗaga hannu a zaɓe shi.

Ya yi hayar janareta a wajen wani mai soya kaji a kasuwar dare. Mutumin ya haɗa masa da mazurari, Injiniya ya ɗaga shi da yatsa biyu ya mayar masa. Shi jarkarsa tun daga Amurka ya yi odarta, ja wur, da dogon baki baƙi mai koren zobe a wuya. Ranar da ta iso ya ɗauke ta hoto ta gaba da ta gefe ya tura guruf ɗin ƙungiya, sannan ya bi da saƙon murya.

"'Yan'uwa, wannan ita ce wayewa. Bakin nan da kuke gani sefti ne zalla. Ba ya zubar da mai, ba ya fitar da tururi, yaro ba ya iya buɗe shi. Daga yau, a ƙarƙashin shugabancina, na haramta tsotsar fetur da tiyo. Na haramta mazurari. Ita kuwa yankakkiyar robar ruwa da mutanenmu ke kifawa a bakin tanki, wannan abin kunya ne ga duk mai digiri. Wanda na gani da ita, ni da shi ne."

Matarsa Walida, wadda ke digiri na biyu a fannin harhaɗa magunguna, ta juya jarkar a falo ta ce, "Injiniya, ba ka gwada ta ba tukuna?"

Ya dube ta da tausayi. "Walida, abin da Bature ya gwada a laburare ne zan gwada a falo?" Ta ce ai laboratari yake nufi. Ya ce duk ɗaya ne.

Ranar walima aka hallara. Ga waina, ga tuwon shinkafa, ga tsiren satay da samari suka yo tapau, wato suka sayo a ƙunshe, daga Kampung Baru. Injiniya ya sha farar shadda, ya maƙala ƙaramin makirfo mara waya a wuyan riga. Janareta kuwa ya sa an kai shi can bayan rumfa, nesa da mutane, saboda sefti. Tun hantsi lasifika ba ta huta ba: a janye yara daga bakin ruwa, a daina gudu da tsinken tsire, mai jan hula ya sauko daga kan dutse. Haka ya ƙone man tankin kaf a kan gargaɗi.

Bayan azahar ya hau kan benci ya gyara murya. "Bismillahi. Ya ku 'yan'uwana masu daraja, shugabanci..." Janareta ya yi tari sau biyu ya mutu.

Da wani shugaban ne, da hankalinsa ya tashi. Injiniya kuwa har kunne murmushinsa ya kai. Ya gayyaci kowa da kowa zuwa bayan rumfa a ga aikin zamani. Ya bari inji ya huce, yana bayanin dalilin hakan, kuma a nan kam gaskiyarsa ce. Sannan ya naɗe hannun riga, ya ɗaga jarka, ya kafa bakinta a tanki.

Ko ɗigo.

"Wannan shi ne matakin tsaro na farko," in ji shi. Ya murɗa koren zoben ya sake kafawa. Zoben ya yi ƙas ya koma inda yake. Ashe sai ka murɗa zobe ka riƙe, ka danna bakin a gefen tanki har sifirin da ke cikin bakin ya buɗe, kana kuma ɗauke da jarka mai nauyin ɗan yaye. Aikin hannu uku ne, Injiniya kuwa biyu aka ba shi kamar kowa. Ya tallafe ta da gwiwa. Ya danna da ƙirji. Hula ta zame ta rufe masa ido ɗaya.

Wani daga baya ya ce, "Ciyaman, akwai tiyo a but ɗin motata fa."

"A bar shi a but."

"Ko a kwance bakin gaba ɗaya a tsiyaya, boleh ai?" in ji wani, wato "zai yiwu" da yaren Malesiya.

"Ba boleh ba. Injiniyoyin da suka ƙera wannan ba sakarkaru ba ne."

Jarkar nan tun safe take zaune a rana, ta kumbura ta yi tim, ba ta da ko ƙaramar kafar shan iska. Da Allah Ya sa sifirin ya buɗe, sai ta yi atishawa. Fetur ya yi tsalle ya wanke gaban farar shadda, ya sauka a takalmi, ya jiƙa ciyawa. Tanki dai bai samu ko na shafawa ba. Injiniya ya share haɓa ya ce, "Kun gani ko? Da tsohuwar jarka ce, da abin ya fi haka." Daga nan ya ce taron mutane a kusa da mai haɗari ne, kowa ya koma mazauninsa.

Aka watse ana cije leɓe. Ya rage daga shi sai Walida. Can sai ga Malam Haliru, dattijon ƙungiya mai kula da zaɓe, ya leƙo ya nuna sama. Hadarin yamma irin na garin ya fara haɗowa. Ya ce, "Injiniya, in wuta ba ta samu ba, za mu ɗaga hannu haka nan kafin ruwa ya sauko." Ya juya ya tafi.

Zaɓe ba jawabi. Tsoro na gaske ya kama Injiniya. Ya sake kokawa da zoben har babban yatsansa ya yi ja. Ya kira jarkar da wani suna da bai dace da bakin shugaba ba. Sannan ya waiga hagu, ya waiga dama, ya rage murya.

"Walida, miƙo robar ruwan can. Da wuƙar yanka kankana."

Ta ɗauko su. Ta miƙa. Ya yanke robar gida biyu da gwanintar wanda ya yi haka sau ba adadi a Kano, ya kwance baƙin bakin nan mai daraja ya ajiye a ciyawa, ya kifa robar a tanki. Fetur ya gangara sumul, har da ɗan sautinsa mai daɗi. Ya mayar da bakin jarka, ya ja janareta gefe daga inda mai ya zube, ya finciki igiya. Inji ya kama da ruri.

Ƙarar ta cika masa kunne, don haka sai da ya ɗaga murya sosai. "Ungo, riƙe gutsuren robar duka biyun. Sa su cikin hijabi. Kada ki kuskura ki fito da hannunki har mu koma gida, kin ji ko? In mutanen nan suka ga robar nan na kaɗe. Wannan jarka kuwa, Allah Ya isa tsakanina da wanda ya ƙera ta."

Makirfo na nan a wuyan riga. Lasifika kuma ta samu wuta, tana fuskantar jama'a, har masu wanka a ƙasan rafi sai da suka ɗago kai.

Ya fito yana taku ɗai-ɗai, yana ƙamshin gidan mai. Ya tarar da wuri tsit, kowa ya sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa. Ya ɗauka girmamawa ce. Ya hau benci ya ɗaga jarka sama, ya yi jawabi mai ratsa jiki a kan haƙuri da bin ƙa'ida, ya ce ga shi sun gani da idonsu, ilimi ya yi aikinsa ba tare da an koma ga ƙauyanci ba. Tafin da aka yi masa bai taɓa samun irinsa ba. Wani ma har da hawaye.

Malam Haliru ya ce masu son Zulkiflu su ɗaga hannu. Aka ƙirga. Ya ce masu son Injiniya. Hannuwa suka tashi da yawa, don akwai masu ganin shugaban da ke ba da irin wannan nishaɗi bai kamata a rabu da shi ba. Malam Haliru ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya ce Zulkiflu ya ci da ƙuri'a ɗaya.

Injiniya ya bi layin mata da ido. Ga Walida zaune a gaba, hannuwa biyu cikin hijabi, ko motsi. Ya sauko daga benci ya matsa kusa da ita, ya rage murya, lasifika na rakiya.

"Walida, har da ke?"

Ta ɗago kai cikin ladabi ta ce, "Injiniya, ai kai ka ce kada in fito da hannu har mu koma gida. Kuma duk wanda ke wurin nan shaida ne."