Jirgin Kara a Kan Rumbun Surukina

Ba zan taɓa mantawa da hantsin da aka ritsa ni a saman rumbun mutumin da nake neman 'yarsa ba, kaina a ciki, ƙafafuna a waje. Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni, ko da ni kaɗai ne a ɗaki.

A lokacin ina koyarwa a firamaren wani ƙauye da ke tsakanin Tsanyawa da Bagwai. Shekarun wahalar nan ne, damina biyu a jere ruwa ya ɗauke gero bai gama ido ba, ga tsadar da ko sabulu sai an bi layi. Kowa hankalinsa yana kan abin da za a ɗora a murhu. Ni kuwa, sarkin hankali, nawa yana sama. Jirgi nake haɗawa.

Ciwon tun daga kwalejin horon malamai na kwaso shi. Wani malaminmu na kimiyya ya taɓa zuwa da ɗan jirgin katako marar nauyi, ya murɗa farfelarsa har robar da ke jikinsa ta ƙudundune, ya sake shi. Ba inji, ba zare, ba mai riƙe da shi, ya zaga fili sau biyu ya sauka abinsa. Daga ranar na ƙudure sai na yi nawa. Da yake ba ni da irin katakonsu, sai na koma wa abin da Allah ya hore mana. Gangar jikin da totuwar karan dawa, haƙarƙarin fiffike da ɓawon kara da na fere siriri, in manne da ƙaro, in lulluɓe da takardar nan mai shara-shara da ake naɗe sabon takalmi. Farfelar kuwa sakaina ce, na kankare ta har ana hango hasken rana ta cikinta, don lanƙwasar ƙwarya daidai take da yadda farfela ke son kamo iska. Roba tana wajen abokina Sale mai facin keke. Shi yake yanko mini jar robar nan da ake yin danƙo da ita, don baƙar ba ta miƙewa.

Jirage shida na kashe kafin na bakwai. Wani ya kafa hanci a ƙasa, wani ya miƙe tsaye kamar zai yi jawabi ya faɗo ta baya, wani robar ta tsinke ta naɗe shi ya koma tsintsiya. A hankali na gane sai bakin fikafikan sun ɗan ɗaga sama irin na shirwa, kuma sai jirgi ya zauna daidai a kan yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike. Na kuma gane robar tana son santsi kafin ta ɗauki murɗi da yawa. Man gyaɗa ruɓar da ita yake yi, abin da ya karɓe ta shi ne yauƙin kuɓewa. (Kada ka tambaye ni yadda na gano. Gwauro ne ni a lokacin, ni nake kaɗa wa kaina miya.)

To ga inda matsalar take. Ina neman Saude, 'yar Malam Mati, dattijon da in yana zaune a ƙofar gida takalmina a hannu nake wucewa. Ni da ita mun daidaita, amma Baba ya ƙi cewa a turo. Sale ne ya kawo mini dalili, yana yi yana dariya: "Wai ba ya ba da 'yarsa ga ƙaton da ake gani yana tsintar kara a juji. Ya ce zai ƙara duba hankalinka zuwa faɗuwar damina." Saude ma da na je zance ta ce, "Don girman Allah, Malam, ka ajiye tsuntsun nan har a ɗaura. Bayan nan ko jirgin Makka ka ga dama ka haɗa." Na yi mata alkawari da zuciya ɗaya. Kwana goma sha ɗaya ya yi.

Ranar kasuwar Tsanyawa ce, cikin bazara, makaranta tana hutu. Na lissafa cewa duk wani magidanci ya tafi kasuwa, ba mai ganina. Muka tafi filin makaranta ni da Sale, don a wajenmu shi kaɗai ne fili. Gona manne take da gona, gida yana kallon gida, ba inda za ka jefa dutse bai faɗa a kan kayan wani ba. Saboda haka na ɗan karkata jelar jirgin don ya riƙa zagaye a saman filin. Na tuɓe riga na rage daga ni sai singileti, na damƙi yauƙi na shafe robar. Sale ya riƙe, na ja ta na yi ta murɗawa har ta yi ƙulli a kan ƙulli. Na yi bisimilla na sake shi.

Jama'a, ya tashi! Ba irin tashin 'yan uwansa ba, tashi na gaske. Ya hau a hankali yana ƙar-ƙar-ƙar, ya yi zagaye ɗaya, ya yi na biyu, ya wuce tsayin darbejiyar makaranta. Robar ta ƙare, farfela ta tsaya, na ce to yanzu zai sauko. Ina! Zafin da ke tasowa daga ƙasa, wanda shirwa ke hawa ba ta kaɗa fiffike, shi ya ɗauke shi. Sale yana ta tsalle yana cewa, "Ya tafi Kano! Wallahi ya tafi Kano!" Ni kuwa hawaye ne a idona, ban ma sani ba.

Sai iska ta fara jan sa gabas. Na bi shi da gudu, kaina a sama, ba takalmi, ina ta ihu kamar yana ji na. Na tsallake kunyoyi, na keta ƙaya, ban san gonar wa nake takawa ba. Can ya sauko a hankali, ya zauna ɗas a kan 'yar jinkar da ke rufe bakin wani rumbun ƙasa a bayan wani gida. Da ina cikin hayyacina da na gane gidan, don ta gaba na sha durƙusa a ƙofarsa. Amma ta baya na zo, kuma ido ya rufe. Na kutsa ta ɓular da awaki suka yi a danga, na ga tsani a jingine, na hau.

Ka tuna hannuwana duk yauƙi ne. Ina miƙa hannu na kamo jirgin, ɗaya hannun ya sulɓe daga tsani. Na rarumi jinkar, ta zame gefe, na tafi da ka cikin bakin rumbun har kafaɗa. A wajenmu ko matar gida ba ta leƙa rumbu, maigida kaɗai ya san abin da ya rage masa. Ni ga shi na leƙa, kuma na gani. Dami biyu ne a can ƙasa da ɗan guntu, ga shi ko hadari bai fara haɗuwa ba, a gidan da kowa yake ɗauka ya fi ƙarfin shekarar.

"Ɓarawo! Jama'a ku kawo ɗauki, ɓarawo a rumbu!"

Muryar Inna ce, mahaifiyar Saude. Kafin in zaro kaina bayan gida ya cika. A shekarar yunwa ba a kiran ɓarawon hatsi sau biyu. Tsofaffi da sanduna, mata da muciya, wani maƙwabci mai suna Ɗanlami da fartanya. Na juyo, fuska duk yanar gizo, jirgi a hannu. Inna ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Malam, kai ne?" Na hango Saude a bakin ɗaki ta rufe fuska da mayafi. Ga Baba a tsaye, ashe bai je kasuwa ba. Na rasa yadda ake durƙusa wa suruki daga saman tsani, sai kawai na tsuguna a kan matakala na ce, "Baba, ina kwana." (Har yau ana yi mini wannan gaisuwar a gidan.)

Na gyara jinkar da sauri na sauko. Na ce jirgina ne ya sauka a kai. Ɗanlami ya yi tsaki ya ce, "Kara ne zai tashi daga makaranta ya zo nan? Mu za a mayar yara? Malam Mati, a hau a duba rumbun a gaban kowa, a ga ko ya ɗiba." Mutane suka ce haka ne. Na saci kallon Baba, na ga ya sunkuyar da kai. A nan na manta da tawa kunyar. In aka hau tsanin nan, ni zan fita daga zargi, amma asirin dattijon nan za a tona.

Na ce, "Ba sai an wahalar da kowa ba. Rumbu yadda na same shi haka na bar shi. In wannan abin bai tashi a gabanku ba, ku ɗaure ni ku kai ni wajen dagaci."

Na faɗa ne kawai ba da tabbas ba, don takardar fiffike ɗaya ta yage. Na lashe ta na manne. Muka fita gonar bayan gida. Sale bai iso ba tukuna, na nemi wanda zai riƙe mini, kowa ya noƙe. Sai Baba ya miƙo hannu. Haka na tsaya gaba da gaba da mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba, yana riƙe da jirgin kara, ina ja da baya ina murɗa roba, gumi yana shiga mini ido. Na karɓa, na juya wajen iska, na saki.

Ya ɗan yi ƙasa kamar zai kunyata ni, mata suka fara shewa. Sai ya ɗaga hanci ya hau. Ya zaga saman kawunansu, ya zaga saman gidan, rana tana ratsa fikafikansa. Shewar ta koma salati. Ɗanlami ya saki fartanya yana bin sa da baki buɗe. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Da ya gama ya sauko ya ja ciki a tsakanin kunyoyi, lafiya ƙalau. Wallahi ko ranar da na karɓi takardar shaidar malanta ban ji daɗin da na ji a lokacin ba.

Baba ya ce, "To kun gani. Kowa ya kama gabansa, ba mai hau mini rumbu." Da aka watse ya ɗauko jirgin ya juya shi, ya ƙwanƙwasa farfelar da farce. Bai dube ni ba ya ce, "Ɗan nan, ka ga abin da ka gani."

Na durƙusa na ce, "Baba, daga rana na shiga duhu, idon bai washe ba aka kira ni."

Sannan ya miƙo mini jirgin ya ce, "Ka ce wa manyanka su zo ran Juma'a. Kuma in za ka dawo gidan nan, ƙofa tana gaba."

Ban taɓa gaya wa kowa ba, har Saude, sai da Baba da kansa ya ba da labarin bayan shekaru, rumbunansa uku a cike, yana dariya har da tari. Allah ya jiƙansa. Abin da na koya dai shi ne, kafin ka saki abin da ba shi da linzami, ka tsaya ka ga inda iska ta dosa. In gidan surukai ta nufa, ka sa rigarka tukuna.