Fitilar da Ta Yi wa Mai Girma Ƙifce

Jiya da safe kwaɗayin hawan motar banza ya kusa kai ni lahira. Ana ruwa, sai surukina, mijin 'yata, wanda direba ne a wata ma'aikata, ya rage mini hanya a sabuwar a-kori-kurarsu. Na shige kujerar baya, Mai Girma Shugaban Sashen Motoci yana gaba yana gyangyaɗin aiki.

Muna shan kwana bayan motar ya zame ya nufi rami. Na fara salati. Sai wata 'yar fitila ta yi ta ƙiftawa kusa da sitiyari, motar ta yi gurnani, ta miƙe da kanta.

Mai Girma ya farka. Bai ga rami ba, fitila ya gani.

"Sabuwar mota tana ƙifta mini ido? A kai wa makanike ya cire abin nan yau!"

Na bi surukina gareji. Makaniken ya saurare mu, ya riƙe baki.

"Baba, ai ba lalacewa ba ce," ya ce mini. "Wata na'ura ce. A-kori-kura doguwa ce, bayanta ba nauyi, saurin kifewa gare ta. In na'urar ta ji mota za ta zame, sai ta kama birkin taya ɗaya, ta rage wuta, tun kafin direba ya ankara. Fitilar shaida ce kawai tana aiki."

Surukina ya buga wa Mai Girma waya ya yi masa wannan bayani cikin ladabi. Amsa ta zo a taƙaice: in Mai Girma ya sake ganin fitilar, a ajiye makulli. Allah ya ƙara wa manyanmu basira! A ma'aikatar nan kaf abu ɗaya ne yake aiki ba a roƙe shi ba, shi kuma aka fara kora.

Dariya nake, amma wallahi tsoro ya kama ni. 'Yata tana da cikin wata bakwai. In mijinta ya ƙi, ba aiki. In ya bi, kullum zai sha wannan kwana ba mai tare shi.

Makanike ya sosa ƙeya.

"Cewa ya yi kada ya sake gani, ko?"

Ya yanko baƙin salatif kamar farce, ya manna a kan fitilar. Na'urar kuwa ko taɓa ta bai yi ba.

Yau da hantsi Mai Girma ya duba, ya ga duhu, ya yi murna. Har ya ba da umarni a yi wa sauran motocin "irin wannan gyara".

Shekara talatin ina zagin rufa-rufa a wannan shafi nawa na jarida, yau ga ni ina sa mata albarka. Ku dai ku rufa mana asiri. Shi Mai Girma ba na jin tsoronsa, ba ya karanta shafin da babu hotonsa.